Kawu da Littafin Komawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa da ke cikin garin Haɗeja, aka kai shi makwancinsa bayan sallar azahar. Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ni ne mai shimfiɗa tabarmi da zagawa da ruwa, saboda haka kunnena ya kwashi maganganu da yawa, har da waɗanda ba don ni aka yi su ba.

Tsohon direban ofishinmu ya shafa addu'a, ya dubi jama'a, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Wallahi da zai tashi yanzu, sai ya ƙirga mu, ya ce mutum biyu sun zo gaisuwa sau biyu, a cire su." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga cikin gida na ji matarsa, wadda muke kira Inna, tana gaya wa mata cewa tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa zubar da 'ya'yan tsamiya a bola ba, duk kunun da ta dama sai ta wanke 'ya'yan ta shanya masa. Sista ma ta zo, ma'aikaciyar jinyar da suka yi aiki tare shekaru masu yawa. Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, amma a Haɗeja ta haifi 'ya'yanta duka. Ta yafa mayafi, ta zauna cikin mata, ta yi ta kuka.

Wanda maganarsa ta tsaya mini a wuya shi ne tsohon Oganmu. Ya zo da mota a rana ta biyu, aka ba shi kujera. Ya ce, "Malam mutumin kirki ne, ba ya cin haram. Sai dai zamani ya wuce shi. Ya yi ta rigima da kwamfuta har ya bar aiki." Mutane suka gyaɗa kai. Ina tsaye da buta a hannu. Na buɗe baki na rufe, domin na ji tsoron kada a ce na tayar da husuma a wurin makoki. Tun daga ranar nake jin haushin kaina. Ilimina bai wuce aji bakwai na firamare ba, ban saba dogon rubutu ba, amma in ban rubuta ba, maganar Oga ce za ta zauna. Kawu bai yi rigima da kwamfuta ba. Ina wurin, kuma ina da hannu a cikin abin da ya faru.

Kawu shi ne malamin kati a sashen rigakafi na ofishin lafiya. Shi ya samo mini aikin masinja a can, a shekarun farko na tamanin. Aikinsa rubuta yara da ƙirga su. Duk shekara, kafin a fita allurar ƙyanda, sai an san yara nawa ne a kowane ƙauye waɗanda suka kai wata tara amma ba su wuce wata ashirin da uku ba, domin da wannan lissafi ake raba kwalaben allura. Yaron da bai kai ba sai ya jira. Wanda ya wuce kuwa ya fita daga lissafi, ba a ƙara aiko da kasonsa.

Littattafan gwamnati biyu ne, manya, masu hatimi. Na farko littafin ƙauyuka, kowane ƙauye da lambarsa. Na biyu littafin yara: lambar kati, suna, ranar haihuwa, da lambar ƙauyen da aka yanka wa yaro kati. Kawu yana da gwangwanayen madara jere a kan benci, kowanne ya rubuta lambar ƙauye a jikinsa. Zai bi littafin yara layi-layi da rula. In watannin yaro sun faɗa tsakanin tara da ashirin da uku, sai ya jefa ɗan tsamiya ɗaya a gwangwanin ƙauyensa. In ya gama sai ya juye, ya ƙirga.

Amma kafin ya jefa, sai ya buɗe littafi na uku. Wannan nasa ne, ba na gwamnati ba. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, ya ɗinke guda huɗu wuri ɗaya da zare. Shi yake kira littafin komawa.

Dalilinsa kuwa kowa a ƙasarmu ya san shi, takarda ce kawai ba ta sani ba. Mace in ta ɗauki cikin fari, gidan iyayenta take tafiya goyon ciki. A can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego, a can za a yanka wa jariri kati. Matan ƙauyukan fadama kuwa, ko ba cikin fari ba ne, da yawa in sun ga haihuwa za ta zo lokacin da ruwa ya rufe hanya, sai su gudo gida tun da wuri. Bayan wata biyu ko uku uwa ta koma ɗakinta da ɗanta. Lokacin da yaro zai cika wata tara yana ƙauyen ubansa, amma littafin gwamnati yana nan yana cewa yana ƙauyen kakarsa. Littafin komawa layi uku ne kacal: lambar kati, lambar ƙauyen da yaro ya koma, da sunan uba.

Ba wanda yake kawo masa wannan labari. Shi yake bin sa. Ranar kasuwa, in mun tashi aiki, sai ya ja ni layin masu bandar kifi, ya tsuguna kamar mai ciniki. Ba ya sayen komai. "Mutanen ruwa, yaya hanya? 'Yar gidan maƙeri da ta je haihuwa, ta dawo ɗakinta kuwa?" Masu kifi har sun gane shi. Wani yakan ce, "Malam, yau ma tarwaɗar ba za ka taɓa ba, sai matan mutane za ka tambaya?" Kawu ya ce, "Matanku na bar muku. 'Ya'yanku nake nema." Ya ciro biro daga bayan kunne ya rubuta a tafin hannu.

Yana da haƙuri da mata masu ɗan fari. In yarinya ta zo yankar kati ta sunkuyar da kai, ta ƙi faɗin sunan ɗanta saboda kunya, wasu ma'aikata tsawa suke yi. Kawu sai ya juya wajen tsohuwar da ta rako ta, ya ce, "Iya, wannan baƙon naki wa ake ce masa? Kuma in ya gama cin tuwonki, wane gari zai koma?" Tsohuwa ta yi dariya ta faɗi duka biyun.

Da ni kuwa ba shi da wannan haƙurin, ko in ce wani iri ne. Ni mutum ne mai yawan wasiwasi. In na kulle ofis sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu. Ranar da ya fara ba ni gwangwani in ƙirga, na ƙirga sau uku na sami amsa uku. Ya karɓe, ya ce, "Sarkin fargaba, ba 'ya'yan tsamiyar ne suke gudu ba, kai ne kake gudu. Zauna." Ya sa na jera su biyar-biyar a kan tebur. Har yau haka nake ƙirga komai.

Rigimarsa da Sista ba ta ƙarewa, kuma kullum a kan bakin iyaka ce. Wata rana an kawo yaro saura kwana huɗu ya cika wata tara. Sista ta ce za ta yi masa allura. Kawu ya ce bai shiga lissafi ba.

"Baba Malam, kwana huɗu fa! Uwar nan daga bayan Kirikasamma ta taho. Kana tsammani za ta dawo?"

"Ni ban ce kada ki yi ba. Na ce ban ƙirga shi ba. In kin ba shi, kason wani kika ba shi."

"To wane ne wanin? Nuna mini shi."

"Yana hanya."

"Kai dai da a ce kai ne mai tsaron ƙofar Aljanna, da sai ka tambayi mutane kati."

"Da kuwa an samu tsari," in ji Kawu.

Ta yi wa yaron allura. Shi kuma ya rubuta a gefen littafi da jan biro cewa an ba da ɗaya a wajen lissafi, ya sa ta sa hannu. Ta sa tana tsaki. Da azahar kuma na gan su suna cin gyaɗa a kwano ɗaya.

A wajen ƙarshen shekarun casa'in aka kawo kwamfuta ofishinmu, tare da wani saurayi mai karatu da muke kira malamin na'ura. Ba shi da girman kai, yana gaishe da kowa. Aka ce daga bana na'ura ce za ta fitar da lissafin rigakafi. A daidai lokacin Kawu ya tafi Kano za a cire masa yanar ido, ya bar mini makullin kabad ɗinsa.

Malamin na'ura ya kira ni ya ce, "Baba masinja, a kawo mini duk littattafan gwamnati na sashen Malam, zan shigar da su." Na buɗe kabad. Ga manyan littattafai biyu, ga littafin komawa a ƙarƙashinsu. Na ɗauke shi, na ajiye, na sake ɗauka. Ba shi da hatimi. An ce na gwamnati. A makon nan kuma an ba wani akawu takardar tuhuma saboda an same shi da takardun da ba na ofis ba a cikin fayil. Zuciyata ta ce, in ka kai wannan, za a ce Kawu yana ajiye littafin ɓoye, a ɓata masa suna saura kaɗan ya yi ritaya. Na tura shi can ƙarshen kabad, na rufe shi da tsohuwar jarida, na kai biyun. Ban tambayi kowa ba. Tambaya ɗaya da na yi wa Sista da ta wadatar, tana ɗakin da ke kusa, amma na ji tsoron kada tambayar ma ta tona asiri.

A shekarar ruwa ya zo da wuri. An ɗauki hayar jirgin ruwa mai inji na kwana kaɗan, aka ce ba zai iya zaga ko'ina ba: ƙauyen fadama da yake da yara ashirin ko fiye cikin lissafi za a je masa, wanda bai kai ba sai ruwa ya janye. Akwai wani ƙauye da muke ce wa Tsallake a ofis, domin ta kowace fuska sai an haye ruwa. Na'ura ta ba shi goma sha uku. Oga ya sa hannu, aka aika takarda hedikwata a Dutse, aka raba kwalabe bisa ita.

Kawu ya dawo da auduga a ido ɗaya. Likita ya ce ya huta mako biyu, amma sai ga shi a ofis a kwana na uku. Ya ɗauki takardar na'ura ya kai ta kusa da idonsa mai gani, yana bi da yatsa. Da ya zo kan Tsallake sai ya tsaya.

"Sha uku? Yaran Tsallake annoba ta cinye su ne ba a gaya mini ba?"

Ya sa na sauko da gwangwanaye. Ya nemi littafin komawa, ya same shi a ƙarƙashin jarida. Ya dube ni. Ni na riƙa karanta masa layi, shi yana jefawa. Tun safe har la'asar. Tsallake ta tashi ashirin da huɗu. Yara goma sha ɗaya na'ura ta ajiye su a ƙauyukan kakanninsu na bakin titi.

Ya ɗauki littafin ya tafi wurin malamin na'ura, ina biye. Wannan ita ce rigimar da Oga yake faɗi, ga kuma yadda ta kasance. Kawu ya ce, "Ɗana, yaya ka yi ka ƙirga?"

Saurayin ya juya masa allon. "Baba, na ce mata ta tsamo duk yaron da watanninsa suka kai tara ba su wuce ashirin da uku ba. Sai ta bi lambar ƙauyen da ke gaban sunansa, ta je jadawalin ƙauyuka ta samo sunan garin, ta tara su. Ba ta yin kuskure a ƙirga."

"Ban ce ta yi ba. Wace lamba ta bi?"

"Wadda ke littafin yara."

"Wannan lambar gidan kaka ce." Ya buɗe masa littafin komawa, ya yi masa bayani. Saurayin ya riƙa juya shafuka. Sai ya dafe kai.

"Baba, ai wannan jadawali na uku ne. Da an kawo mini, da na shigar da shi, in ce mata ta fara duba nan kafin ta je can. Aikin kwana biyu ne. Me ya sa ba a kawo ba?"

Kawu ya ce, "Ba ni nan." Bai ƙara ba.

Daga nan suka shiga wurin Oga su biyu, ni ina bakin ƙofa. Malamin na'ura da bakinsa ya ce lissafin Malam ne daidai. Oga ya ce takarda ta riga ta tafi, ba zai rubuta wa Dutse cewa na'urar da aka yi bikin buɗewa ta yi kuskure a fitarta ta farko ba, balle a kan littafin 'yan makaranta.

"Ranka ya daɗe, ba na'ura ce ta yi kuskure ba, mu ne. A rubuta haka."

"Malam, yara sha ɗayan nan ba a hana su ba. Kasonsu yana ƙauyukan bakin titi. Iyayensu su kai su can."

"Da wane jirgin? Ruwa ya kai wuya tsakaninsu da titi."

"To su jira rani."

"Akwai bakwai a cikinsu da kafin rani sun wuce wata ashirin da uku. Sun fita ke nan, ba za a sake ƙirga su ba har abada."

Oga ya ce yana da taro. Kawu ya koma washegari, ya koma jibi. A rana ta huɗu Oga ya ce da ni in Malam ya zo in ce ba ya nan. Ni da na ɓoye littafi, ni aka sa in tare shi a ƙofa. Na faɗa masa, ina kallon ƙasa. Ya ce, "Ga motarsa can a inuwa. Amma na ji, ba ya nan."

Aka yi rigakafi, jirgi mai inji ya zaga ya koma, bai je Tsallake ba. Ranar ƙarshe Sista ta shigo ɗakin kati ta rufe ƙofa. Ta ce, "Baba Malam, ƙauyukan titi yara ba su cika ba, kamar yadda ka ce. Na hana a fasa kwalabe barkatai. Biyu sun rage ba a buɗe ba. Ƙanƙarar da ke akwati za ta kai gobe da yamma, ba za ta wuce ba. Ka san mai kwalekwale?"

Ya san masu kwalekwale fiye da kowa. Wani masunci daga cikin abokansa na layin banda ya ce zai kai mu. Muka tashi bayan asuba, mu huɗu da akwatin ƙanƙara, na rungume shi a cinya na lulluɓe da rigata. Hanyar da masuncin ya sani ciyawar kacala ta toshe ta, doguwa ta fi mutum, sai da muka koma baya muka zaga ta wata. Sau biyu muka sauka muka tura. Kawu da idonsa ɗaya a ɗaure ya shiga ruwa har gwiwa, Sista tana yi masa faɗa, "In idon nan ya ruɓe, kada ka zo mini!" Ni kuwa duk bayan ɗan lokaci sai in girgiza akwatin in ji ko ƙanƙara tana ƙara, har Sista ta ce in na ƙara girgizawa za ta jefa ni ruwa.

Mun isa bayan azahar. Bulama, mai garin, ya sa aka yi shela. Kawu ya zauna a gindin tsamiya ya buɗe littafinsa, yana kiran sunan uba da lambar kati. Duk wanda ya kira sai ga uwa ta fito da yaro a baya. Ashirin da huɗu ya kira, ashirin da huɗu suka fito, ba ƙari ba ragi. Bulama ya ce, "Malam, kai da ba ka taɓa kwana a garin nan ba ka fi ni sanin gidajensa."

Kawu bai yi murna ba. Kowace kwalba ta mutum goma ce. Allura ashirin, yara ashirin da huɗu.

Sista ta ce a hankali, "Ba zan rage wa kowa ba, Baba Malam. Rabin allura ba allura ba ce. Kai za ka zaɓa."

Ya daɗe yana duban littafin. Sai ya jera yaran bisa watanninsu, daga babba zuwa ƙarami. Ya ce wa Bulama, "Manyan nan in ba a yi musu yau ba, sun fita daga lissafi. Ƙananan huɗun nan yanzu suka cika wata tara, baɗi ma suna ciki. Da ruwa ya janye zan kawo musu nasu da hannuna." Uku daga cikin iyayen suka juya suka tafi. Ta huɗun yarinya ce ƙarama mai 'yar fari. Kunya ba ta bar ta ta yi magana a kan 'yarta ba, sai surukarta ce ta ce, "Malam, mu ma fa mun fito." Kawu ya ce, "Na gan ku, Iya. Na rubuta."

Ruwa ya janye bayan kaka. Kawu ya rubuta takardar neman allura huɗu. Aka ce a takardar Dutse Tsallake sha uku ce, kuma rahoto ya nuna an yi wa ashirin, saboda haka ta ma wuce kasonta. Ya sake rubutawa, ya haɗa da sunayen yaran. Aka ce babu kaya a sito, a jira. Malamin na'ura ya fara shigar da littafin komawa, ya kai rabi, janareta ya lalace, kafin a gyara aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce shi littafi biyu aka damƙa masa. Sista ta je har wani asibiti a Jahun wurin ƙawarta neman ko kwalba ɗaya, ta dawo hannu wofi. Duk ranar Litinin Kawu yana bakin sito kafin mai sito ya zo. Har mai sito ya fara shigowa ta ƙofar baya.

Da bazara ƙyanda ta shiga Tsallake. Cikin ashirin da aka yi wa allura ba a rasa ko ɗaya ba. Huɗun nan duk sun kwanta. Uku suka tashi. 'Yar farin nan ba ta tashi ba.

A layin masu banda muka ji. Kawu ya tsuguna zai yi tambayarsa ta kullum, masuncin da ya kai mu ya riga shi magana. Kawu ya mayar da biro bayan kunne, ya miƙe. Washegari ya hau bayan akori-kura ya tafi gaisuwa, shi kaɗai, ya hana ni bin sa.

Da ya dawo ya same ni a ɗakin kati. Duk watannin nan ban taɓa faɗa masa da bakina abin da na yi ba, shi ma bai tambaya ba. Abinci ba ya shiga mini sosai, na rame har Inna tana tambaya ko ciwo nake yi. Ranar na rufe ƙofa, na durƙusa, na ce, "Kawu, ni na ɓoye littafin. Na ji tsoron kada a ba ka takardar tuhuma. Ni na kashe yarinyar nan."

Ya ce, "Na san kai ka ɓoye tun ranar da na ga jarida a kai. Ni ba na rufe littafi da jarida. Tashi, ba na son durƙuso a ofis."

Ya buɗe littafin komawa a shafin Tsallake, ya ɗora rula a kan layin yarinyar, ya miƙo mini jan biro. A ƙa'idarsa, yaron da ya rasu ana ja masa layi ɗaya, ba a gogewa. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Za ka iya. Rai na Allah ne, shi ya karɓi abinsa. Amma a nan ƙasa, kai ka ɓoye littafi. Oga ya ƙi gyara takarda. Ni na jera yara na ce wannan ta jira. Kowa da nasa. Ka ɗauki naka, ka riƙe shi da kyau, kada ka sake ɓoye abu don tsoro ba ka tambaya ba. Amma kada ka haɗa da nawa. Nawa ni zan je da shi."

Ya danne rular da hannunsa don kada ta goce. Na ja layin.

Bayan wata biyu ya ajiye aiki, saura shekara guda lokacinsa ya cika. Bai yi shekara biyu a gida ba Allah ya karɓe shi. Ya Allah, ka san abin da ya ce zai je da shi. Ka sauƙaƙa masa shi, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa yarinyar nan ta zama mai ceto gare shi ba mai ƙara ba. Mu da muka rage da namu a hannu, ka ba mu ikon ɗauka. Amin.